Kwana Casa'in da Shida a Gidanta, Ban Tambayi Sunanta Ba

Litinin, 18 ga Oktoba, 2021, ƙarfe huɗu da minti arba'in na yamma. Setapak, Kuala Lumpur, hawa na sha huɗu, a ɗakin da zan bari ranar Juma'a. Ana ruwa tun ƙarfe uku. Akwatunana biyu suna ɗaure a bakin ƙofa. Na auna su sau uku, ɗaya ya haura da kusan kilo guda, har yanzu ban yanke abin da zan cire ba.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki cikin yalwar makwanci da hutu. Ina sanar da ke cewa na kammala digirina na biyu. A watan jiya aka turo min sakamakon ta waya. Ba a yi taro ba, ban sa hula ba, ban kuma damu ba. Ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Zan sa wasiƙar nan inda jama'a ke gani, don haka na san mutanen da muka yi tafiyar shekaranjiya da su za su karanta. Su karanta. Zainab, wadda muke haya tare, tana falo yanzu haka tana tace hotunan tafiyar, ina jiyo dariyarta ta ƙarƙashin ƙofa.

Umma, kin tuna garin nan na bakin teku da nake kiranki daga can a farkon korona? Kullum sai kin tambaye ni ko ruwan ya fi na Tiga. In ce miki ya fi, ki ce to kada in matsa kusa. Abin da na ɓoye miki a lokacin, don kada ki ce na raina wa mutane gari, shi ne wurin bai kai a kira shi gari ba. Titi ɗaya ne. Gidan mai ɗaya, na'urar cirar kuɗi ɗaya da ta fi yawan kwana a lalace, sai jerin shaguna masu sayar da gajeren wando iri ɗaya mai hoton bishiyar kwakwa. A ƙarshen titin akwai rairayin da baƙi ke zuwa dominsa. An kafa wani ƙaton ƙarfe mai siffar zuciya, an shafe shi da jan fenti, don mutum ya tsaya a ciki a ɗauke shi. Ruwan kuwa launin kunun tsamiya ne. Sau biyu a rana yake janyewa ya bar baƙar laka mai wari. Na taɓa ƙirgawa: taku ɗari uku da goma daga rairayi zuwa inda ruwan ya koma. Wannan ne abin da mutanen birni ke cin awa biyu da minti arba'in a mota don su gani. Ba zan faɗi sunan garin a nan ba, kada in ƙara masa masu ɗaukar hoto.

Masu garin na ainihi ba a nan suke zaune ba. Suna can baya, kilomita huɗu, inda kogi ke shiga teku. Can ne gidajen katako masu dogayen ƙafafu, da ƙaramin masallacin da suke kira surau, da warin daddawarsu ta jatan lande. Baƙi ba sa zuwa can, babu abin ɗauka.

Kin san abin da ya kai ni. Gishirin teku yana shiga rijiyoyinsu, aikina shi ne in auna yawansa. Rijiya talatin da biyu, safe da yamma. Kwana ashirin da ɗaya na je yi. Ina da kwana goma aka sa dokar kulle, aka kafa shingen 'yan sanda a hanya, sai da na yi kwana casa'in da shida.

Matar da na sauka a gidanta, wadda kike kira uwar ɗakina, ita ce dalilin wasiƙar nan. Gajeriya ce, za ta kai shekara saba'in, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana aiki can kudu a Johor. Kowa Mak Long yake ce mata. Ba suna ba ne, inkiya ce ta dangi, kamar a ce babbar gwaggo. Kowane gida da tasu Mak Long. Na san da haka tun ranar farko. Ita kuwa minti ɗaya bai cika da saukata ba ta tambayi sunana, ta gutsure shi ya koma Hawa, ta ci gaba da kirana da shi.

"Hawa, makan." Wato in zo in ci abinci. Sau uku a rana, ko ina so ko ba na so.

Rijiyarta ce ta ɗaya a littafina. Ni ina tsoma na'ura, ita tana ɗanɗanawa da harshe ta yamutsa fuska ko ta gyaɗa kai. Sau biyu kacal muka saɓa, duka biyun batirina ne ya yi sanyi.

Kin tuna ranar da na ba ta waya kuka gaisa? Ba kya jin yarenta, ba ta jin naki. Kika ce assalamu alaikum, ta amsa. Kika ce alhamdulillah, ta ce alhamdulillah. Haka kuka yi ta mayar wa juna har minti biyu da ɗoriya, kuna dariya. Da na karɓi wayar kika ce min, "Matar nan tana da kirki, na ji a muryarta. Ki yi mata shara ko ba ta sa ki ba."

Na yi mata shara, Umma. Abin da ban yi ba shi ne tambayar sunanta.

Ke kika koya min. Ina 'yar shekara shida ko bakwai na tambayi wata baƙuwarki sunanta a tsakar gida, kika murɗe min kunne bayan ta tafi. "Ke wace ce da za ki tambayi babba sunansa? Ki yi shiru, za ki ji wani ya kira." Haka nake yi duk tsawon rayuwata, kuma a Kano dabarar ba ta taɓa ba ni kunya ba, domin ba a rasa sa'ar mutum da zai shigo ya ambace shi. Amma a cikin kulle wa zai shigo? Masu ajiye mata kifi a bakin matattakala daga nesa suke ɗaga murya, su ma Mak Long suke cewa.

Na san masu karatu za su ce ai da hanyoyi. Na riga su lissafawa. Ledar maganinta na hawan jini da sunanta a buge a jiki. Kullum da safe ni ke miƙa mata, kuma kullum kifa ta nake yi, don ina ganin karantawa leƙen asiri ne. Littafin bincikena ba shi da sunan kowa, ƙa'ida ta ce lamba ake ba mai rijiya. A wayata Mak Long na sa. A shafin godiya na kundin digirina, tsakanin sunan malamina da cikakkun muƙamansa da sunan hukumar da ta biya min karatu, Mak Long na rubuta. Zan iya gaya miki gishirin rijiyarta na kowace safiya har da ɗigo biyu bayan lamba. Shi ke nan abin da na tsira da shi.

Ranar biyar ga azumi, ƙarfe biyar da minti goma na yamma a wurina, goma da minti goma na safe a Kano, Yaya Auwal ya kira ya gaya min kin tafi. A makonnin nan ne da ake ta ɗaukar dattawa a unguwa. Ya ce kafin Azahar za a kai ki. Ina zaune a gefen rijiya ta same ni.  Ta zauna a ƙasa, ta riƙe min idon sawu, har aka kira salla.

Bayan mun sha ruwa ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko ɗan littafinta na Yasin, ta dube ni ta ce, "Nama emak?" Sunan mahaifiyata take so.

 Na sha rubuta sunanki a takardun makaranta, amma ban taɓa furta shi da bakina ba. Ta sake tambaya, ba tare da wata kunya ba, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Na faɗa. Ta maimaita ba daidai ba, na gyara, ta sake kuskurewa, na sake gyarawa. Ta tambayi na Malam kakana ma, domin su ba sa kiran mamaci sai da sunan mahaifinsa. Ta rubuta su da ajami a bayan yagaggen kalanda, ta sa cikin littafin.

Daga ranar, duk Alhamis bayan Magariba sai ta karanta Yasin, sannan ta jera mamatanta da suna. Mahaifinta, mahaifiyarta, mijinta, wata 'yarta da ta rasu tana jaririya, sannan ke. Ke ce ta biyar. Alhamis bakwai na yi ina zaune a bayanta.

Da aka buɗe hanya na dawo birni. Ta cika min jaka da busasshen kifi, na ce mata zan dawo. An yi wata huɗu ana tafiya lafiya kafin a sake rufewa, ban je ba. Ina rubutu, ina tsoron shiga mota da mutane, ina cewa sai na gama in je mata da abin nunawa. Ita kuwa duk Juma'a sai ta turo saƙon murya, tambaya ɗaya: ko na ci abinci. Na ƙarshe ya zo kwana uku bayan Babbar Sallar bana. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne, ta yi tari sau biyu a ciki. Bayan nan wayar ta yi kwana tara tana shiga ba a ɗauka, daga nan ta daina shiga.

Na karɓo takardar neman izinin tafiya a wurin 'yan sanda. Akwai gurbin sunan wanda za ka je wurinsa, da gurbin dangantaka. Na zauna da biro a hannu, na mayar da ita jaka. Na kira asibitin yankin, tambayar farko suna. Na tura wa direban sashenmu saƙo, shi ya samo min masaukin kafin ya yi ritaya. Amsarsa: "Mak Long lah," wato Mak Long mana.

To, Litinin ɗin da ta wuce aka ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi ga waɗanda suka yi rigakafi. Kafin yamma Maman Afnan, matar wani Dakta da ke Taman Melati, ta buɗe zaure a waya ta sa masa suna da hoton kwakwa. Ana neman bakin teku mafi kusa da ba zai cika ba. Ni na ba da sunan garin, kuma na faɗi dalilina a rubuce: ina da wadda zan nema, ina buƙatar a kai ni bayan gari da zarar mun isa. Mutum shida suka sa min hoton zuciya. Na ɗauka sun karanta.

Na je Jalan Masjid India na saya mata telekung, farin hijabin sallarsu mai haɗe da zane. Na buga shafin godiyar nan a takarda mai kauri.

Umma, bari in ba ki lissafin Asabar ɗin yadda take, ban ƙara ko minti ba.

An ce ƙarfe bakwai. Ƙarfe bakwai saura kwata ina ƙasan gidan Maman Afnan da takunkumi biyu a fuska. Mun tashi goma da minti ashirin da biyar. Dafa-duka ba ta nuna ba, sannan zoɓo bai yi sanyi ba, sannan an gano ɗankwalin mutum ɗaya bai zo daga tela ba. Domin anko aka yi. Mata biyar, atamfa iri ɗaya, za a bakin laka. Ni na ƙi karɓa, aka ce ina da girman kai. A hanya aka tsaya minti arba'in da biyar a wurin hutawa, ana ɗaukar hoto a gaban allon da ke nuna an shiga wata jiha, sai ka ce iyakar Saudiyya. Mun isa biyu saura minti goma, mu tara a motoci biyu.

Tun Alhamis na duba jadawalin ruwa, na rubuta musu cewa da rana tekun janyewa zai yi. Babu wanda ya tanka. Muka fito daga mota, Maman Afnan ta cire tabarau, ta dubi laka iyakar ganinta.

"Ina tekun? Hauwa, ina tekun da kika ce? An kwashe ne?"

Mijinta, mai digiri uku, ya ce wataƙila fari ake yi. Zainab ta ce bari ta je ta gano, taku ashirin takalminta ya maƙale, ta dawo da ƙafa ɗaya. Na yi musu bayani ruwan zai dawo wajen Magariba. Aka yanke shawara nan take: ba inda za a je sai an ga dawowarsa, don ba za a ɓata anko a banza ba.

Na ce to a kai ni yanzu, tunda akwai lokaci. Dakta ya ce a bari a ci abinci. Aka baje tabarmi, aka buɗe kuloli, aka kunna sifika. Bayan abinci ya ce cikinsa ya yi nauyi. Bayan nan aka yi layi a gaban jar zuciyar, kowa shi kaɗai, sannan biyu-biyu, sannan mata zalla, sannan a sake domin wata ta rufe ido. Motar haya ta waya ba ta zuwa garin, na duba sau huɗu. Na yi niyyar takawa da ƙafa, aka ce kada in ba su kunya, mace ita kaɗai a titi, yanzu-yanzu za a tafi.

"Haba Hauwa, ke komai sai kin sa masa agogo? Shaƙatawa muka zo lah. Tsohuwar nan guduwa za ta yi?"

Maman Afnan ce. Na rubuta maganar yadda ta faɗe ta, in ta musa akwai shaidu bakwai.

Biyar saura minti biyar Dakta ya ɗauki makulli. "Minti talatin na ba ki, ƙanwata. Madam tana son hoton faɗuwar rana." Madam ɗin ma ta shigo motar, wai tana so ta ga ƙauye.

Gidan yana nan, Umma, a ƙarshen 'yar hanyar, shi kaɗai kusa da bakin kogi. An shafe shi da shuɗin fenti. An cire ragar da take shanya kifi. Babu kaji. An rufe rijiyar da katako, an jera tukwanen furen roba a kai. A ƙofa an maƙala wani ɗan akwatin makulli mai lambobi, da allo mai cewa ana ba da hayar gidan ga masu hutu, da lambar waya. Na kira. Wani ya ɗauka, daga nan birnin yake magana, ya ce gidaje da yawa yake kula da su, ta hannun dillali suka karɓi wannan, bai san mai shi ba, amma akwai rangwame in kwana biyu za mu yi.

Ina cikin wayar na juyo, na ga Maman Afnan a kan matattakala, a daidai hawa na uku inda Mak Long ke zama tana gyaran kifi. Ta karkata kai, mijinta yana ɗauka.

"Kai, gidan nan ya haɗu! Da mun sani ai nan muka kama."

Shagon unguwar a rufe yake. A gidan da ke kusa wasu ma'aikatan gonar kifi ne, baƙi, suka ce min sabbin zuwa ne su. Wani dattijo ya zo wucewa a babur, na tsayar da shi. Ya tsaya nesa, ya gyara takunkumi, ya dubi lambar motarmu ta birni. Ya ce shi daga ƙauyen gaba yake, amma ya san mutanen nan da yawa. Na ce Mak Long. Ya ce wacce? Na nuna gidan, na kwatanta tsayinta da hannu. Ya ce, "Nama dia?" Sunanta.

Ya jira. Mutumin kirki ne, ya jira sosai. Sannan ya tayar da babur.

An riga an idar da La'asar, surau babu kowa, takalmi ko ɗaya babu a ƙofa. A bayansa maƙabarta take. Ki yafe min, na shiga. Ban taɓa shiga maƙabarta ba, ko taki ban gani ba. A nan mata suna shiga, ba wanda zai hana. Daga gefen katanga akwai sabbin kaburbura tara, ƙasarsu ba ta gama kwanciya ba, kowanne da allon katako da suna da fenti. Biyar maza ne. Huɗu an rubuta binti, wato wance 'yar wane.

Na tsaya a gabansu ina karantawa. Sunaye huɗu, da sunayen iyaye maza huɗu. Nan ne abin ya faɗo min: ai na ji sunan mahaifinta. Shi ne na farko a jerin ranar Alhamis. Sau bakwai ta faɗe shi ina zaune taku ɗaya a bayanta. Da na riƙe shi, da a tsaye a wurin na san ko tana cikin huɗun nan ko ba ta ciki. Na rufe ido na nemo muryarta, na ji sautin, na ji inda take jan numfashi, amma sunan babu. Ban taɓa sauraron huɗun farko ba. Naki kawai nake jira.

Dakta ya danna ham sau biyu, sannan ya ɗora hannu a kai. Na kwafe sunayen huɗu a littafina, har da kwanan watan da ke jiki. Biyu daga ciki bayan saƙonta na ƙarshe ne.

A mota Maman Afnan ta leƙa ledar da ke cinyata, ta taɓa yadin telekung ɗin da yatsa biyu. "Tunda ba ki same ta ba ki bar min mana. Dama ina neman fari."

Ruwan ya dawo, rana ta faɗi, an sami hoton. Na ga an sa shi jiya da rubutu a ƙasa, wai wuri mai sanyaya zuciya. Mutum ɗari da wani abu sun yaba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na raina su. Na raina ankon, na raina sifikar, na raina mutumin da aka turo shi ƙetare neman ilimi ya dubi janyewar teku ya ce fari ne. Na raina garin da za a fenti gidan tsohuwa cikin wata uku a sa wa rijiyarta furen roba. Amma su yini ɗaya suka yi, kuma ba su ci abincin kowa ba. Ni na yi kwana casa'in da shida ina ci. Ina taƙama na fi su tarbiyya, ina kifa ledar magani ina jin ni mai kunya ce. Matar da ba ta san wannan kunyar ba ta buɗe baki ta tambaya, ta kuskure sau biyu, aka gyara mata, yanzu sunanki yana cikin littafinta. Tawa kunyar ga inda ta tsayar da ni: gaban alluna huɗu, da biro.

Ban ce laifinki ba ne, Umma. Kin koya min abin da ke aiki a gidanmu. Ba ki san za a yi shekarar da ba mai shiga gidan wani ba.

Kuma ina roƙon masu karatu, kada kowa ya rubuta min "Allah ya jiƙanta" a ƙarƙashin wannan. Ban ce ta rasu ba.

Ga halin da ake ciki. Jirgina ranar Juma'a ne, bizata kuma ta ƙare ranar Lahadi. Laraba ƙarfe takwas na safe zan yi gwajin korona, in babu shi ba a hawa. Alhamis ta karɓar sakamako ce da miƙa makullin ɗaki. Gobe Talata kaɗai ta rage, kuma gobe hutun Mauludi ne, ranar da nake sa ran masu garin za su fito surau. Ɗazu ƙarfe biyu na yanki tikitin bas. Zan hau jirgin ƙasan cikin gari, LRT, na farko zuwa tasha, bas ya tashi bakwai da rabi, ya sauke ni a gidan man nan, in taka kilomita huɗun da ƙafata. Na dawowa ɗaya ne tak, ƙarfe huɗu. In na rasa shi na rasa gwajin, in na rasa gwajin na rasa jirgin. Rabona da shiga bas ya fi shekara. Tun da na biya na wanke hannuna sau biyar ba tare da na taɓa komai ba.

Na rubuta tambayar da yarensu a takarda, na haddace ta. Zan tsaya a ƙofar surau, in tari duk tsohuwar da ta fito, in gaishe ta, in tambaye ta sunan matar da ke gidan ƙarshe. In ta kama, in tambaye ta nata ma. Ki kawar da kai.

Abin da ban sani ba zuwa wannan sa'a:

Ban sani ba ko tana raye.

Ban sani ba ko ɗanta ne ya ɗauke ta zuwa Johor, ya ba da gidan haya, wayar kuma ta faɗa ruwa ko katinta ya mutu. Wannan yana yiwuwa, na auna shi ta kowace fuska, babu abin da ya hana.

Ban sani ba ko ɗaya daga cikin sunaye biyun nan nata ne, ko kuwa a asibiti aka yi mata sutura aka kai ta wata maƙabartar da ban san da ita ba.

Ban sani ba ko za a taru a surau gobe, ko za a bar baƙuwa ta matso.

Ban san wanda ya kwashe kayan ɗakinta ba, ko ya buɗe ɗan littafin, ko ya ga yagaggen kalandar ya yi mamakin wace ce wannan.

Ban sani ba ko tun watan Yuli akwai wanda ya ambace ki ranar Alhamis.

Ban san sunanta ba.

Ummana, in har ta riga ta iso wurinku, ba za ki sha wuyar gane ta ba. Gajeriya ce, za ta kira ki da sunanki kai tsaye, kuma ba za ta faɗe shi daidai ba. Kada ki ji haushi. Ke sa'arta ce, babu kunya tsakaninku. Ki tambaye ta.

Ya Allah, ka jiƙan mahaifiyata, ka haskaka makwancinta, ka yafe mata. Baiwarka kuma da ta ciyar da ni, kai ka san sunanta da na mahaifinta. In tana raye ka ba ta lafiya, ka sa in iske ta ko in ji inda take. In tana wurinka ka yi mata rahama, ka nuna min allonta kafin ƙarfe huɗu. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa'u